Mun ci shari'ar gidan Baba, amma daga aljihunmu aka biya

Assalamu alaikum yan uwa. Na dade ina so in rubuta abin nan, duk sanda na dauki waya sai inji kirjina yayi nauyi in ajiye. Abinda yasa na daure yau, shekaranjiya wani makwabcin shagona a kasuwar Katako yazo yana huci wai zai maka wani a kotu kan cinikin fili, yana cewa ai in yaci shari'a mutumin ne zai biyashi duk abinda ya kashe har kudin lauya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, dan maganar nan da bakina na taba fadawa mahaifiyata ita a 2019.

Ni haifaffen Jos ne, kakanmu aikin kuza ne ya kawoshi, Babanmu kuma tela ne, da keken dinki ya gina gidanmu daki tara da shago biyu a bakin hanya, a wata unguwa da muke zaune cakude da kowa da kowa. Rikicin 2001 muna ciki bamu motsa ba. Na 2008 muka gudu sati uku muka dawo. Na watan Janairun 2010 shi ya fitar damu gaba daya, ba'a kona gidan ba Alhamdulillahi, wata makwabciyarmu Kirista da muke kira Mama ita da yaranta ne suka tsaya akai, amma zama dai ya kare. Duk dan Jos yasan yadda gari ya rabu bayan nan, kowa ya koma inda nasa suke, wasu sukayi musayar gida wasu suka saida a wulakance. Mu muka kama haya a Rikkos. Baba yaki saida nasa, kullum yana cewa wata rana za'a koma, har Allah ya karbi abinsa a 2016 ba'a koma ba.

Ya bar mata biyu, Inna mahaifiyata da abokiyar zamanta da muke kira Umma, da mu yara tara, biyar dakinmu hudu dakin Umma. Nine babba. Yan hayan dake gidan yau su biya gobe su hana, rufi yana yoyo, kuma babu mai iya komawa can ya zauna, shine Baffa kanin Baba ya taramu akace a saida a raba kowa ya kama gabansa. Aka rubuta takarda kowa yasa hannu cewa nine wakili. Inna ba abinda take so illa a hada kasonta da namu na dakinmu a sai mata ko daki biyu ne, tace min "ni dai ka samo min inda ba mai buga min kofa karshen shekara".

A 2018 dillali ya kawo wani mutum mai sayen irin wadannan gidaje yana gyarawa yana zuba yan haya. Ciniki ya fada akan miliyan 14. Ya bada miliyan 4, sauran miliyan 10 nan da wata uku. Takardar da mukayi fuska daya ce, a shagon kwamfuta dillalin ya bugo ta, ba lauya ba komai, shaidu biyu nashi biyu namu. Ba'a rubuta abinda zai faru in bai cika ba, ba'a rubuta ko miliyan hudun nan kafin alkalami ne da zai iya nutsewa ko wani bangare ne na kudin gida, ballantana ace waye zai dauki dawainiya in rigima ta tashi. A lokacin gani nake mun gama.

Wata uku ya cika shiru. Wata biyar, yace kayansa sun makale a Legas. Wata takwas ya daina daga wayata. Kannena mata suna ta kira Yaya ina labari, daya aure za'a mata, dayar kudin makarantar yara. Sai a nan na nemi lauya, ya rubuta masa wasika a bashi kwana 21 ya cika ko ciniki ya warware. Bai cika ba. Mukayi masa cak na banki na miliyan hudunsa cif, yaki karba ya dawo dashi. Muka samu wani mai saye akan miliyan 16, muna cikin magana kenan sai ga ma'aikacin kotu har shago ya miko min sammaci a gaban kwastomomi.

Abinda yake nema, kotu ta tilasta mana mu karbi ragowar kudin mu mika masa gida, a bashi diyyar miliyan 10, sannan a hanamu taba gidan har a gama. Mai miliyan 16 yana jin kalmar kotu ko sallama bai mana ba. Na tambayi Barista ko za'a iya maida maganar kotun yanki inda mutum zai tashi yayi bayani da bakinsa da Hausa, yace a'a Malam, gidan nan cikin gari yake kuma takardar gwamna ce dashi, dokar filaye ta 1978 babbar kotun jiha ta bawa hurumin irin wannan. Ya kuma ja min kunne, yace dukiyar da ake shari'a akanta ba'a saidata, wanda ya saya ma ya sayi rigima ne, duk hukuncin da ya fito zai hau kansa.

Daren ranar naje na samu Inna, tace dan nan ba za'a nemi mutumin nan a zauna ba? Ko a rage masa wani abu a rabu lafiya. Nace Inna gaskiya a hannunmu take, shi ya saba alkawari shi kuma ya kai kara, in Allah ya yarda zamu ci kuma shi zai biya duk abinda muka kashe. Tayi shiru can tace toh Allah ya bada sa'a, amma shari'a sabanin hankali ce. Babu wanda ya gaya min za'a biyani fa, ni na dauka haka ne, hankali ne ya bani cewa wanda ya jawo maka asara shi zai dauka. Barista ban tambayeshi ba shima bai fada ba.

Kudin aikinsa mukayi dubu 900, biya uku. Bayan wannan duk ranar zama akwai dubu 15 na mota, daga baya da aka cire tallafin mai a 2023 ya koma dubu 25. Ga kudin shigar da takardu, ga na rantsuwa, ga na ciro kwafin fayil mai hatimi daga ofishin filaye, wannan kadai sai da nayi zuwa biyar. Gado ba'a raba ba balle ace a diba a ciki, miliyan hudun mutumin kuma Barista yace kada wanda ya kuskura ya taba, suna banki a ajiye. Dan haka duk daga jarina na hatsi ake zara.

Abinda yafi cin rai kuma shine dage zama. Ka rufe shago kayi wanka ka tafi tun karfe takwas da rabi ka zauna a benci, sai sha daya rajistara ya leko yace kotu bazata zauna ba a dauki wata rana, kuma ranar nan wata biyu ce ko uku. A 2019 mai shari'a ya tafi kotun kararrakin zabe, su kuma kwana 180 doka ta basu, toh namu sai jira. Ana dawowa korona ta shigo 2020 aka rufe komai. Afrilun 2021 ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki aka garkame kofa sama da wata biyu, ana budewa aka tafi dogon hutun shekara, watan Agusta kuma ga dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Kuma ko an zauna ko ba'a zauna ba indai Barista ya saka bakar rigar nan yazo sai ka bashi na mota, ban ga laifinsa ba shima mai ya kona.

Munyi nisa, mai kara ya gama bada shaida an masa tambayoyi, sai akace an canzawa mai shari'a wurin aiki. Nace toh sabon zai dora daga inda aka tsaya ko? Barista yace sai dai a faro daga farko, dan alkalin da bai ga shaida da idonsa ba baya yanke hukunci akan maganarsa. Ranar a bakin kotu na zauna kan dakali na kusa awa daya ban iya tashi ba. Barista ya nemi karin dubu 300 tunda aiki ya koma sabo, na bayar.

A tsakanin nan ne na fara jin kalmar da lauyoyi ke cewa kos, wato kudin dawainiya da kotu ke yankawa bangare daya ya biya dayan. Wata rana lauyan mai kara bai zo ba bai aiko da uzuri ba, Barista ya mike ya roka, mai shari'a ya yanka musu dubu 20 su bamu. Naji dadi sosai, nace ashe ana biya. Bayan wata hudu mu kuma shaidarmu bai zo ba, dillalin nan ne, yace shi bazai taka kotu ba sai an bashi na cefane, aka yanka mana dubu 10 mu basu. Mama kuwa makwabciyarmu da sandarta tazo, da kudin kekenta, ta fadi cewa mutumin bai taba karbar makulli ko ya kwana a gidan ba, na bata kudin mota taki karba tace Babanku ne ya dinka min kayan aurena.

Inna ta rasu a watan azumin 2022, a gidan haya. Sati biyu kafin nan mai gidan ya aiko da sanarwar karin kudi. Bazan iya rubuta komai akan wannan ba.

Karshen 2023 aka yanke hukunci. Sau 31 ina zuwa kotun nan, a littafi nake rubutawa, wanda akayi wani abin kirki a ciki basu wuce 12 ba. Mai shari'a ya karanta kusan awa daya da rabi, ni dai ina kallon fuskar Barista. Abinda ya fito shine wanda ya biya wani bangare ya kasa cika ragowar a lokacin da aka yanka, aka kuma bashi wa'adi a rubuce ya sake sabawa, bashi da bakin cewa a tilasta a saida masa, kuma bai nunawa kotu cewa kudin suna hannunsa a shirye ba. An kori kararsa gaba daya. Miliyan hudunsa kuma a maida masa tunda wani bangare ne na kudin gida. Sai Barista ya mike yace ya mai shari'a muna rokon kos na miliyan 2, shekara hudu da wani abu muna zuwa. Lauyan can ya mike yace su basu yarda ba kowa ya dauki nasa. Mai shari'a ya duka yayi rubutu ko minti daya bai kai ba, yace dubu 200.

Na dauka ban ji daidai ba. A waje nace Barista dubu 200 na yau ne ko na me? Yace na duka ne Malam. Nace to kudin da na baka fa, da na mota, da shagon da nake rufewa? Sai ya jani gefe karkashin bishiya ya min bayanin da ya kamata ace naji tun ranar farko. Yace ka'ida dai gaskiya ne wanda ya fadi shi ake dorawa kos, amma nawa ne, wannan ganin damar alkali ne, kuma ba'a yinsa dan a hukunta wanda ya fadi ko dan a azurta wanda yaci, dan abin rage zafi ne. Kudin lauya kuwa a kasar nan yawanci kowa shi ke biyan nasa. Yace akwai hukuncin kotun daukaka kara na shekarar 2000 a shari'ar kamfanin Guinness da Nwoke inda akace dorawa abokin shari'a kudin lauyanka ya sabawa tsarin da aka sani, kotun koli ma ta bi wannan layin a 2004. Daga baya ansamu hukunce hukuncen da suka bada, amma sai in tun farko ka nema a rubuce cikin takardun kararka, ka fadi adadi, ka kawo rasit ka tabbatar. Mu kare kanmu kawai mukayi bamu shigar da tamu bukatar ba. Nace meyasa baka shigar ba? Yace shigarwar ma kudi ce kuma ba tabbas. Har yau ina ganin da ya bani zabi a lokacin, ko da zan ce a'a, hakkina ne in sani. Mutumin kirki ne yayi aiki tsakani da Allah, amma wannan guda dayan ya tsaya min a rai.

Ashe ma tsugune bata kare ba. Doka ta bawa mai karar wata uku ya daukaka kara, saura kwana kadan ya cika sai ga takarda, ya tafi kotun daukaka kara dake nan Jos. Gida ya sake daurewa. Barista yace wannan sabon aiki ne sabon ciniki, na bada dubu 400 somin tabi, ranta nayi wajen wani dilan masara da muke hulda dashi daga Saminaka.

Baffa ne yace ya isa haka. Ya samu limamin unguwar su mutumin da wani dattijo a kasuwa, aka hadamu a zauren liman bayan isha'i. Ranar na fara kallonsa da kyau ba ta bayan lauya ba, ya rame, yace shima ya kashe sama da miliyan 3, motarsa ya saida, kuma miliyan hudunsa da suka shekara biyar a banki, yanzu ko rabin abinda zasu saya a da bazasu saya ba. Yace shi ma ce masa akayi in yaci mu zamu biya. Jin haka sai duk zafin da nazo dashi ya sauka, na rasa abin fada. Aka tsaya akan zai janye daukaka kara, mu mu maida masa kudinsa cif mu yafe dubu 200 din, kowa ya dauki dawainiyar lauyansa. Lauyoyi suka rubuta aka kai kotu. Abinda Inna ta fada a daren farko shi akayi, a zama daya da bai kai awa biyu ba. Dubu 200 din ma ko kwandala bata shigo hannuna ba.

Mun saida gidan a 2024 akan miliyan 22. Wanda bai sani ba zai ce ai riba kukaci. Lokacin cinikin farko buhun siminti bai kai dubu 3 ba dala tana wajen 360, lokacin da muka saida siminti ya taba dubu 10 dala ta haura 1,500. Gidan da zamu iya sai wa Inna a 2018 yanzu ko filinsa kudin bazasu saya ba.

Sai ranar rabo, wadda ita tafi min ciwo akan duk zaman kotun. Na kawo lissafi miliyan 2 da dubu 600 nace a cire kafin a raba. Wani kanina na dakin Umma yace Yaya mu fa bamu aikeka kotu ba, kai kaki sulhu tun farko, meyasa za'a cire a hakkin marayu. Ban ce maganarsa ba gaskiya a ciki ba, akwai, amma ba ni na kai kara ba kawomu akayi, kuma da ban tsaya ba da an karbe gidan a tsohon farashi ko an dora mana diyya. Malamin da yazo rabon yace wakili amintacce ne, abinda ya kashe dan kare dukiyar magada daga dukiyar ake fitarwa tunda kowa yasa hannu a wakilcin, amma tunda an samu sabani, dan zumunci ya dore, a cire wanda yake da shaida sauran kuma a barwa kowa da zuciyarsa. Wanda na tura ta banki akwai alat, miliyan 1 da dubu 600, aka cire. Na mota sau 31, da na takardu, da na shaidu, da gyaran rufin da nayi sau biyu dan kada gini ya zube, duk hannu da hannu na bayar ba rasit, littafina ne kadai, kuma rubutun hannuna ne. Miliyan daya cif ta tsaya a kaina. Na amince a wajen dan bana so a tashi baram baram a gaban Baffa.

Matan Baba tumuni ne nasu su biyu, rabin Inna ya dawo kanmu mu yan dakinta, aka lissafa aka bani nawa a ciki na rike a hannu na kasa kirgawa. Bayan kwana biyu Umma ta aiko a kirani, ta miko min dubu 150 a daure a leda daga kasonta, tace Babban yaya ni shaida ce, duk ranar kotu ina jin fitarka da sassafe, kayi hakuri da kaninka yaro ne. Autarmu mace, wadda kasonta rabin na namiji ne, ta turo dubu 100 bata ko kirani ba sai alat na gani. Sauran babu wanda yace komai, nima ban sake tada maganar ba, muna gaisawa muna zuwa sunan juna.

Shi makwabcin nawa na Katako jiya na dauko masa jakar takardun gaba daya da littafin, nace ya tafi dasu gida ya karanta, in ya gama ya je ya tambayi lauyan nasa abu uku kafin ya bada ko sisi, nawa zai kashe daga farko har karshe harda na mota, nawa yake ganin kotu zata yanka masa in yaci, kuma zai rubuta masa rasit akan kowace naira ko a'a. Shagona har yanzu bai koma yadda yake ba, da ina sauke buhu dari a kaka yanzu talatin nake iya dauka. Dilan masaran nan na Saminaka saura dubu 120 yake bina, yace in bari sai sabon hatsi ya shigo.